Sunan da Malam Rabe Bai Taɓa Kira Ba

A Katsina, in ana hirar so da ƙauna, da wuya a tashi ba a ambaci Malam Rabe na Ƙofar Marusa ba. Ba don ya fi kowa iya soyayya ba ne. Matarsa Hajiya Kubura tana nan da ranta, mai shakka yana iya zuwa ya tambaye ta. Abin da ya fi kowa iyawa shi ne bayanin abin. Littattafan labari goma sha ɗaya ya rubuta, tun yana malamin sakandare har ya yi ritaya, kuma a kowanne sai ka tarar ya tsayar da labarin cak, ya bar saurayi da budurwa tsaye a rana, shi kuwa ya gyara zama ya ci shafi huɗu yana tambayar wai shin mene ne ɗan Adam, kuma me ya sa yake gudun mai nemansa yana bin wanda ya ba shi baya. Masu karatu suna ƙorafi, amma ba su fasa saye ba. Ran Laraba da hantsi kuma yana da fili a wani gidan rediyo, mutane su bugo waya da damuwarsu, shi kuma ya warware musu ita cikin minti uku, har ya rage lokacin gaisuwa.

Magana ɗaya yake nanatawa shekara da shekaru. Ya ce mu mutanen nan ba ƙiyayya ce ke cutarmu ba, nauyin baki ne. Muna son mutum, mu ci tare mu sha tare, mu ƙi gaya masa, sai an ɗauke shi an kai shi makwancinsa sannan mu cika zaman makoki da yabonsa. A kan wannan ya gina littafinsa na goma sha biyu, wanda ba labari ba ne, tunani ne zalla, ya kuma sa masa suna Tun Yana Ji.

To, Malam Rabe yana da rubutun hannu irin wanda in kaza ta gani sai ta yi zaton 'yar'uwarta ce ta bi ta kan takardar. Shi kansa in rubutun ya kwana uku ba ya iya karanta shi. Mutum ɗaya tal Allah ya hore wa wannan baiwa a duniya, ita ce 'yarsa Saudatu. Tun tana aji huɗu a sakandare ta fara buga masa aiki a wata tsohuwar tafireta, ta yi jami'a tana bugawa, ta yi aure tana bugawa, ta haifi uku tana bugawa, har aka koma kwamfuta. Shekara ashirin da biyar ke nan. Ita ce ta taɓa tuna masa cewa yarinyar da ya kashe a babi na uku ta dawo tana tuyar ƙosai a babi na tara.

Sai dai Saudatu 'yar fari ce, Malam Rabe kuwa ɗan cikin gari ne, daga gidan da ake kunyar ɗan fari yadda aka gada, babu ragi. Shekararta arba'in da ɗaya, bai taɓa kiran sunanta ba. In tana kusa, "ke". In tana nesa, "yarinyar nan". In an matsa masa da tambaya, "waccan ta GRA". Lokacin da yake koyarwa an taɓa kawo masa wata ɗaliba mai wannan suna, shekara guda cur in ya zo kanta a rajista sai ya ce, "Mai bi ma Salamatu." Ƙannenta, Abbas da Fadila, ya goya su, ya kai su kallon ƙwallo, yana ƙwala musu kira tun daga zaure. A shafin sadaukarwa na littattafansa kowa ya samu shiga: malamansa, abokansa, Abbas, Fadila, har wani likitan haƙori da ya taɓa taimakonsa. Ita dai ita ce mai buga sunayen.

Ranar Lahadi aka ƙaddamar da Tun Yana Ji a wani babban ɗakin taro. An cika maƙil. Malam Rabe ya sha farar shadda, ya karanta shafin da ya fi so da muryar nan tasa ta rediyo: "Kada ka ce ai ya sani. Bai sani ba. Ko ya sani, so yake ya ji. Kunne ma yana da hakki a kanka." Mata suka yi ta gyaɗa kai, wasu mazan suka shiga duba wayoyinsu.

Sannan ya shiga godiya. Ya gode wa shugaban taro da mai sharhi. Ya gode wa maɗaba'a da mai zanen bango. Ya gode wa Abbas da Fadila, ya kira su da suna suka miƙe aka tafa musu. Ya gode wa mai lasifika. Ya gode wa wani Bala da ya jera kujeru, har ya ce bai taɓa ganin jeri mai kyau irin wannan ba. Sai idonsa ya faɗa layi na uku a ɓangaren mata, inda Saudatu ke zaune da littafin a cinyarta tana dubansa. Harshensa ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa.

"Da kuma," ya ce, ya yi gyaran murya, "sauran waɗanda suka taimaka ta fannin buga rubutu."

Aka tafa. Babu wanda ya ga laifi, dattawan layin gaba ma in da an tambaye su da sun ce haka ya kamata. Saudatu ta yi murmushi, ta rufe littafin, ta sa shi a jaka ta ja zif.

Washegari da safe yana zaune a tsakar gida ƙarƙashin rumfa yana shan koko, sai ga ta ta yi sallama, direba na biye da ita da kwali biyu. Ta durƙusa daga ɗan nesa kamar kullum.

"Baba, ina kwana?"

"Lahiya lau. Ya mutanen gidan?"

"Suna lahiya, suna gaishe ka. Ya gajiyar taro?"

"Gajiya ta bi lahiya."

"Baba, takardunka ne na kawo, tun daga na hwarko. Wanda na buga kau duk na zuba cikin filashin nan, Abbas na iya buɗe maka." Ta ajiye ɗan abin a gefen tabarma. "An yi ma Baban Muhsina canjin wurin aiki zuwa Fatakwal. Ni ma wurin aikina sun yarda in bi shi. Ran Asabar za mu tashi, in Allah ya kai mu."

Ya san da maganar canjin mijinta, Mahmud, tun watanni, amma da cewa aka yi ita za ta zauna da yara a Katsina. Ya riƙe ludayi a sama. Abubuwa da yawa suka taso masa, masu kyau, irin waɗanda da a littafi ne sai sun ci babi guda. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "To, wa zai riƙa buga mani aiki?"

Ta dube shi, ba da fushi ba. Da fushi ne ma da ya fi masa sauƙi.

"Ai masu taimakawa ta fannin buga rubutu suna da yawa bakin titi, Baba."

Ta shige ɗakin uwarta. Ya jiyo su suna magana ƙasa-ƙasa, har da 'yar dariya, sannan ta fito ta yi masa sai an jima ta tafi. Kokon ya huce a gabansa.

Hajiya Kubura ta fito da faranti ta zauna a kujerar tsugunno tana gyaran zogale. Shekara arba'in da uku suna tare, ya san in ta fara aiki a gabansa ba a cikin kicin ba, akwai magana.

"Malam, wai Balan nan mai kujeru ɗan gidan wa ne? Na ji ka yaba mashi ƙwarai. Halan ɗan'uwa ne ban sani ba."

"Kubura, kin san al'ada. A gaban jama'a zan tsaya in kama sunanta? Ke kanki kin taɓa kira?"

"Ni ban rubuta littahi ba."

Ya ture kwanon kokon gefe.

"Kuma ni," ta ci gaba tana tsinke ganye, "kullum sai mun yi awa guda a waya. Ban kira ba, amma ta san inda na aje ta. Ka tuna sadda aka maido ta daga wurin kakarta Inna, tana shekara tara? Sati ɗaya da zuwanta ta same ni wurin murhu ta ce, 'Wai Baba ya san sunana?' Na yi dariya na kore ta. To yanzun nan ta sake yi mani tambayar. Da dariya ta yi ta, amma ni ban yi ba."

Ta ɗauki farantinta ta koma ciki, ta bar shi da wannan.

Ranar bai yi barcin rana ba. Ya shiga ɗakin karatunsa ya rufe ƙofa, ransa a ɓace, da farko da Kubura, daga baya da zamani gaba ɗaya. Wai ya san sunanta! Shi fa ya zaɓe shi. Ranar suna ya rubuta shi a 'yar takarda ya miƙa wa baffansa, sannan ya gudu shagon wani abokinsa tela ya ɓuya har la'asar, don kada a ga haƙoransa a waje. Da aka yaye ta aka kai ta gidan mahaifiyarsa a Ƙofar Kaura, kullum ta Allah sai ya hau keke ya je gaida Inna, shi da a da sai Juma'a-Juma'a yake leƙawa. Inna ta gane. Shekarar da ƙyanda ta kama yarinyar, sau uku ya je a wuni ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da keke yana tambayar lafiyar akuyar Inna, ko ta ci dusa, ko zazzaɓin ya sauka. Inna ta ce akuya ta samu sauƙi, har ta sha kunu, ya je ya kwanta. Ya fita bayan gidan ya jingina da katanga ya yi kuka.

In wannan ba so ba ne, mene ne? Nan take malamin da ke cikinsa ya farka. Ai kunya ma so ce. Abin da ka fi ƙauna shi kake rufewa, kamar yadda ake rufe nono kada ƙuda ya faɗa. Iyayenmu ba wawaye ba ne, sun san ido da baki suna lalata abu, sun kuma san ɗan fari in ya ga an ɗauke shi an ɗora a ka sai ya lalace. Ya jawo takarda ya fara zuba hujjoji. Kai, maganar ta yi kyau. Shafi shida ya cika kafin azahar, yana jin wannan zai zama littafi na goma sha uku, wanda zai gyara na goma sha biyu. Ya tattara shafukan ya buga gefensu a tebur, ya miƙa hannu zai ɗauki waya ya ce a zo a karɓa a buga. Sai hannun ya tsaya. Ya zauna yana kallon shafi shida da babu mai iya karanta su a Katsina daga ranar Asabar.

A nan fushin ya sauka, tsoro ya hau. Ba tsoron rashin mai bugawa ba. Shekararsa sittin da takwas, yana shan maganin hawan jini safe da yamma, Fatakwal kuwa ba Batagarawa ba ce da ke nan bayan gari. In ta tafi da wannan tambaya a ranta, yana iya yiwuwa amsar sai dai ta ji ta a zaman makoki, daga bakin wasu.

Ran Laraba ya je rediyo kamar kullum. Wani saurayi ya bugo, ya sallame shi. Wata amarya ta bugo, ya sallame ta. Sai aka haɗa shi da wata mata da ta ce ita Hajiya ce daga cikin gari, tana magana a shaƙe kamar ta rufe baki da gyale. Kalma biyu ta yi ya gane ta. Muryar da ta shekara arba'in da uku tana tambayarka ko ka ga murfin kwano, gyale ba ya ɓoye ta.

"Malam, wani maƙwabci gare ni, mai magani ne. Shina ba mutane, suna warkewa, suna sa mashi albarka. To shi ciwon na cikin gidanshi, kuma ya ƙi sha. Mi za a yi mashi?"

Mai gabatarwa ya dube shi yana murmushi, yana jiran hikima. Malam Rabe ya gyara abin kunne.

"To, Hajiya, wataƙila maganin na da ɗaci."

"Ai kau shi ya haɗa shi. Ka hwaɗa mashi ya toshe hanci ya shanye, kwana uku suka rage."

Ta kashe. Mai gabatarwa ya ce lalle wannan tambaya ce mai zurfi. Malam Rabe ya ce ƙwarai, a sa waƙa.

A hanyar komawa gida dabara ta zo masa, kuma ya ji daɗinta har ya yi wa mai keke napep hira. Maɗaba'a sun ce wata mai zuwa za su ƙara buga littafin, don na farko ya kusa ƙarewa. To me zai hana a canza shafin sadaukarwa? Ya rubuta da hannunsa, ya kai mata a matsayin aiki na ƙarshe. Ita kaɗai ke iya karantawa. Za ta gani, za ta gane, shi kuwa bai buɗe baki ba. Al'ada ba ta ce kada a rubuta ba, shaida kuwa ya taɓa yi ranar suna. Ya ga ya sami hanyar da zai bi littafinsa ba tare da ya saɓa wa kakanninsa ba, har ya ɗan yi mamakin kaifin basirarsa.

Duk da haka wunin Alhamis gaba ɗaya ya ci a kan layi biyar. Mutumin da ke cika shafi ashirin tsakanin hantsi da azahar, sai ga shi ya yaga takarda tara. Ta goma ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba.

Ran Juma'a bayan la'asar ya tari keke napep ya ce GRA. Sai da suka shiga unguwar ya tuna bai san gidan ba. Shekara goma sha bakwai da aurenta, ƙafarsa ba ta taɓa taka gidanta ba, don uba ba ya zarya gidan 'yar fari. Dole ya kira Kubura.

"Wane gida kake nema?" ta ce, kamar ba ta gane ba.

"Gidan yarinyar nan."

"Wace yarinya? Yara sun yi yawa a GRA."

"Kubura."

Ta yi dariya ta ce layi na biyu bayan masallaci, baƙin get, akwai bishiyar mangwaro ta leƙo waje.

Mahmud ne ya buɗe ƙofa, da igiyar ɗaure kaya a hannu. Da ya ga surukinsa sai igiyar ta faɗi. Ya zube ƙasa.

"Baba! Lahiya? Wani abu ya hwaru? Hajiya ce?"

"Kowa lahiya. Wucewa nike."

Babu inda ake wucewa ta wannan layin, ƙarshensa katanga ce, amma Mahmud yaro ne mai tarbiyya. Ya kai shi falo, ya gaishe shi sau uku, sannan ya tuna yana da aiki na gaggawa a bayan gida.

Falon duk kwalaye ne, an sauke labule, kujera biyu kawai suka rage. Saudatu ta fito tana gyara mayafi, ta tsaya turus, sannan ta durƙusa. Ta kawo ruwa a kofin roba, ta ba da haƙuri an riga an naɗe na tangaran.

"Baba, ina wuni?"

"Lahiya lau. Ya shirin tahiya?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya yaran?"

"Suna Islamiyya, sun je sallama."

"Madalla. Ya maigidan?"

"Shi ya buɗe maka, Baba."

"Haka ne. Ya maƙwabta?"

Ya tambayi maƙwabtan dama da na hagu. Ya tambayi lafiyar mota, da ko an duba tayoyi. Ya tambayi ta Lokoja za su bi ko ta Makurɗi, ya ba da shawara a kan hanyar da bai taɓa bi ba. Ya tambayi wa za a bar wa mangwaron. Ta amsa duka, hannuwanta a cinya, tana jira. Da gaisuwa ta ƙare ƙaf, ya sa hannu a aljihu.

"Wani ɗan aiki ne ya rage. Shahi ɗaya. Za su sake buga littahin."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta laluba jakarta ta ciro tabarau ta sa. Bai san tana sa tabarau ba. Ya ji wani abu ya soke shi, don ya san rubutun wa ya ci idon. Ta warware takardar, shi kuma ya ɗaga kai yana nazarin fankar sama kamar shi aka kira ya gyara ta.

Da ya saci kallonta sai ya ga ta kai ƙarshen shafin ta koma sama. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi ta mayar. Sannan ta karkata takardar dama, ta karkata ta hagu, ta nisanta ta, ta kusanto da ita.

"Baba, wannan rubutun ya hi ƙarhina."

"Kamar ya?"

"Ban gane shi ba."

"Ke da kika karanta babin da ruwan sama ya jiƙa? Wanda akuya ta ci rabi?"

"Ido ya tsuhwa, Baba." Ta jawo kwamfutarta daga jaka, ta ɗora a kan kwali, ta buɗe, ta miƙo masa takardar. "Karanta mani, in buga."

Ya dube ta. Fuskarta a sunkuye, yatsunta a kan madannai, kamar ma'aikaciyar da ke jiran shugaba. Amma gefen bakinta ya gani, kuma ya san wannan gefen bakin, na Kubura ne sak. Ya gane an kama shi, a cikin tarkon da ya wuni biyu yana yaba wa kansa haɗawa.

Ya karɓi takardar. Jiya ya rubuta, don haka bai da hujjar cewa shi ma ba ya ganewa. Ya yi gyaran murya, ya tsallake layin farko.

"Ni na zaɓa maki sunan nan, kuma duk cikin sunaye babu wanda na hi so. Mutane na cewa na san so. Abin da na sani kaɗan ne, kuma a ƙohwar gidan kakarki na koye shi, ina riƙe da keke ina tambayar lahiyar akuya. Ba akuya nike tambaya ba."

Madannai suka yi ta ƙara, suka tsaya. Ta ja hanci.

"Na buga. Amma na ga kamar akwai wani abu a layin sama."

"Sadaukarwa ce. Ki sa, ga ɗiyata."

"Ɗiyanka mata biyu ne, Baba. Fadila za a sa?"

"Ta hwari."

"Masu karatu ba su san ta ba. Ko jiya wata ta tambaye ni ko ni sakatariyarka ce."

Fanka tana juyawa. Daga bayan gida ana jin Mahmud yana jan wani abu mai nauyi da bai buƙatar ja. Malam Rabe ya ji gumi yana bin bayansa a cikin shadda. Ya tuna Inna, ya tuna baffansa, ya tuna duk dattawan Ƙofar Marusa da suka rayu suka mutu ba su yi abin da zai yi ba, ya roƙi gafararsu a zuci. Ya buɗe baki, muryar rediyo ta ƙi zuwa. Wadda ta zo wata ƙarama ce, a tsage, ta tsoho, kuma kwalin da ke gabansa ya kalla ya faɗa wa.

"Saudatu."

Ba ta buga ba. Hannuwanta suka sauka daga kan kwamfutar.

"Na'am, Baba."

Haka ta amsa, da sauri, kamar yarinyar da aka kira daga tsakar gida, har ta ɗan yunƙura kamar za ta tashi. Ta zuba masa ido tana jiran aike, hawaye na bin ƙarƙashin tabarau. Shi kuwa ya laluba ko'ina a kansa, littafi goma sha biyu, bai sami abin da zai aike ta ba.

"Ba komi," ya ce. "Kira dai na yi."

Ta gyaɗa kai. Ta juya ga kwamfutar, ta ɗora yatsu, ta kasa ganin haruffan. Ta cire tabarau ta ajiye a kan kwali.

"Baba, fankar nan na da ƙara. Ban ji daidai ba."

Ya ɗaga kai ya dubi fankar, wadda ko motsinta ba a ji. Sannan ya sauke ido, wannan karon a kan fuskarta, ya sake kira.